Garkar Inna Mai Tsayin Ƙugu

Shekarar da gwiwoyin Inna suka ƙi ta, ita ce shekarar da na koyi kwaɓa siminti.

Inna mahaifiyata ce, ni ce autarta. Tun kafin a haife ni take aikin garka, wato lambu, a kwarin Badaguishiri, albasa da salati da tumatir, da ɗan tattasai a bakin rijiya. Da ƙuruciyata na fi sanin bayanta da fuskarta, don kullum a duƙe take. Wata damina ta tsugunna cirar ciyawa ta kasa tashi, sai da yayana ya ɗago ta. Lokotoro, wato likita, ya duba ya ce ba duƙawa, ba tsugunno, kuma yana son ganinta a kai a kai. Asibitin ya fi kusa da mu da ke Malbaza, inda nake koyarwa a lakwal, makarantar boko. Da ƙyar aka shawo kanta ta zo ta zauna wurina.

Abin da ya fi damunta, gidan suruki ne. Maigidana yana aiki a kamfanin siminti, wajen da ake loda manyan motoci. Mutum ne mai surutu da raha, amma da ya hango Inna sai ya zama kamar an zuba masa ruwan sanyi. Da safe daga bayan katanga yake durƙusawa ya gaishe ta, ita kuma ta ja mayafi ta amsa wa bango. In akwai magana tsakaninsu, ni ce waya. Ga shi yaranmu sun tafi hutu Dogarawa wurin dangin ubansu, gidan ya yi tsit.

Tsakar gidanmu kuwa dutse ne. In ka kai masa diga sai ta yi tsalle ta dawo maka. Inna takan zauna kan kujera a ƙarƙashin rumfa tana ƙwanƙwasa ƙasa da sandarta, ta ce, “Auta, ku mi kuke ci a wanga wuri? Ko ƙaya ba ta yarda ta tsiro ba.” Daga nan sai ta yi shiru har azahar. Matar da ke tashin gida tun asuba da faɗa, ga ta ta koma kallon kaji.

Wata safiya na fito zan ɗora koko, na tarar an kife turmina. A kansa akwai wani tsohon kwano mai huda, cike da ƙasar da aka sharo daga gindin katanga, an dasa gindin albasa uku daga cikin waɗanda na yar jiya. Inna tana tsaye a gabansa, tsaye sak, tana ɗiga masa ruwa da buta tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na tsaya da ludayi a hannu ina kallonta. Ban san lokacin da na kwasa a guje ba. Na sami maigida a zaure yana ɗaure igiyar takalmi.

Na ce, “Tunda ba ta iya sauka wurin ƙasa, mu hawo mata da ƙasar!”

Ya ce, “Wace ƙasar? Malama, lafiya?”

Na jawo shi ya leƙa ta kafar ƙofa. Ya daɗe yana kallo. Da ya juyo idanunsa har ƙyalli suke yi. Nan take ya nemi gawayi ya shiga zane a daɓen zaure, yana cewa ai wannan ƙaramin aiki ne, za a yi mata fangali irin na garka, amma a gine, a ɗage shi sama. Ranar saura kaɗan ya makara aiki. Ni na san ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ba, amma a ganinsa wanda ya yi shekaru yana shaƙar siminti ai ya zama magini.

Ran Asabar aka zo maganar awo. Dole a san tsawon ginin, kuma awon a jikin Inna yake. Suna tsaye taku huɗu tsakaninsu, kowa ya kalli wani gefe.

Ya ce, “Malama, ki tambayi Inna daga ƙasa zuwa ƙugunsu kamu nawa ne.”

Inna ta ce, “Ki ce mishi ban taɓa aunawa ba. Ni ba turmin atamfa ba ce.”

Na kwance igiyar guga, na taka bakinta da ƙafa, na miƙe ta zuwa ƙugun Inna. Ashe tsohuwar nan tana da jin cakulkuli, ban taɓa sani ba. Ina taɓa ta sai ta zabura ta doke mini hannu, na sake, ta sake zabura, har muka rasa wanda zai riƙe wani don dariya. Shi kuwa ya juya ya fuskanci katanga, ya miƙo hannu ta baya yana jiran igiya. Da na ƙulla alama na ɗora masa, sai Inna ta ce, “Ki ce mishi faɗin kar ya wuce inda hannuna ke kaiwa. In na tsaya nan in taɓa tsakiya, in na zagaya can in taɓa tsakiya.” Wannan ita ce shawara ta farko da ta bayar, kuma daga ita ba ta sake yin shiru ba.

Wani abokin maigida mai buga bulo ya bar mana fasassu, muka yi ta jigilarsu a buruweti, wato baro. Ni ce mai kwaɓi. Na ɗaure zani a ƙugu, na riƙe shebur, yashi da siminti da ruwa, juya nan, juya can, har tafin hannuna ya yi bororo. Maƙwabciyarmu, wata mai awaki da shanu wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta taka wani abu ta leƙo.

Ta ce, “Malama, murhun biki kuke yi? Wa za a aurar?”

Na ce garka ce.

Ta dubi bulo, ta dube ni, ta ce, “Allah shi ba da lafiya,” ta sauka.

Kwana biyu ginin ya tashi, tsawonsa kamar gado, tsayinsa daidai ƙullin igiya. Ya ɗan karkace ta gabas, amma muka bar shi haka. Sai maigida ya ce saura shafe. Ya shafe waje, ya shafe ciki, ya shafe ƙasan, ya bi da bayan cokali yana gogewa har ya yi sumul kamar cikin tasa. Ya ce sabon siminti yana son ruwa, ya cika shi fal.

Washegari ruwan yana nan. Wanshekare ma yana nan, ko yatsa ɗaya bai ragu ba, har tsuntsaye sun gano shi suna wanka. Maƙwabciya ta leƙo ta ce, “Af, ashe komin shayar da dabbobi ne! Ku bari in kawo shanuna.” Inna ta taso da sandarta, ta zagaya ginin, ta tsoma sandar ta ciro. Na ga kafaɗunta sun fara rawa don dariya.

Ta ce, “Auta, ki tambaye shi, ruwan ta ina za shi hita? Albasa hwa ba kifi ba ce.”

Daga can bakin zaure ya ce, “Ki ce wa Inna, aikin siminti in ya yi kyau ba ya yoyo.”

Ta ce, “Ki ce mishi aikin ya yi kyau ƙwarai. Yanzu sai shi zo shi ɓata shi.”

Ya ɗauko guduma da wata ƙatuwar ƙusa. Na ce ya bari mu kwashe ruwan tukuna, ya ce ba sai an wahala ba. Ya tsugunna daidai gindin ginin, ya kafa ƙusa, ya doka sau ɗaya, sau biyu, a na biyar ƙusar ta shige. Yana zare ta ruwa ya yi tsartuwa ya same shi a tsakiyar fuska, ya faɗi zaune, hula ta yi gefe. Inna ta manta da mayafi, ta manta da surukuta, ta dafa bakin ginin tana dariya har da hawaye. Ni na zube kan buhun yashi. Shi ma da ya share ido ya ga halin da muke ciki, sai ya fashe. Huda shida ya yi ranar, kowace Inna ce ta nuna wurinta da sanda.

Saura cikawa. A ƙasa muka zuba duwatsu, abin da Malbaza ba ta rasa ba, a kansu karan gero. Da aka zo ƙasar shuka na ɗebo daga bayan gari. Inna ta damƙa, ta sansana, ta ɗan taɓa a harshe, ta tofar.

Ta ce, “Wagga ko makabarta ba ta so. A kawo mini ƙasata.”

Haka na shiga motar haya na tafi Badaguishiri ɗebo ƙasa. Yayana ya yi ta dariya, amma ya kai ni fangalin da Inna ta fi so, kusa da rijiya, ya cika mini buhu uku da baƙar ƙasa mai laushi. A tasha direba ya zo ɗagawa, buhu ya ƙi motsi.

Ya ce, “Hajiya, mine ne ciki? Gishiri?”

Na ce, “Ƙasa ce.”

Ya saki buhun ya miƙe. Wani dattijo da ke kujerar gaba ya waiwayo ya ce, “Ina za ki da ita?” Na ce Malbaza. Ya tafa hannu ya ce, “Duniya duk tana zuwa Malbaza ɗaukar siminti, ke kuma kina kai musu ƙasa!” Kafin mu bar gari kowa a motar ya san labarin gwiwar Inna, har wata mata ta ba ni irin yakuwa daga ƙullin zaninta.

A hanya jandarma ya tsayar da mu. Ya ga buhunan, ya tambaya, mota duk ta amsa baki ɗaya, “Ƙasa ce!” Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya sa aka kwance ɗaya, ya naɗe hannun riga, ya tura hannu har gwiwa, ya ciro damƙi guda da wata tana tana motsi a ciki. Ya kai hanci. Sai fuskarsa ta sake. Ya ce, “Wannan ƙasar albasa ce. Tsohona ma garka gare shi wajen Illela.” Ya mai da tanar cikin buhu a hankali, ya ɗaure da kansa, da ya ji Inna zan kai wa, ya ce in gaida tsohuwa.

Da aka sauke buhunan a tsakar gida, na ɗora ɗaya kan turmi na buɗe wa Inna. Ta tsoma hannu biyu, ta ɗago, ta kifa fuskarta a ciki. Na ba ta wuri na shiga ɗaki na ɗan jima.

Buhu uku ba su isa cika ginin ba, ita ma ta sani. Ta ce ƙasarta daddawa ce, ba a yin miya da ita kaɗai. Ta zauna kan kujera tana ba da umarni: yashi kaza, toka kaza, tsohon takin awaki wanda ya huce. Takin maƙwabciya ce ta yi ta miƙo mana ta kan katanga a tasa, tana cewa ita dai tana so ta ga ƙarshen wannan abu. Muka gauraya, muka zuba, muka ba shi ruwa. Ruwan ya ɗiɗɗigo ta hudoji shida. Maigida ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa kamar shi ya ƙirƙiro su.

Daga nan abin ya zame mana kamar ciwo. Duk abin da muka gani mai rami, sai mu ce wannan zai yi shuka. Tsohuwar ganga aka raba biyu aka ɗora kan bulo, ta zama ta salati. Butar da ta fashe ta samu na'ana'a. Tsohuwar hular kwanon maigida ta aiki, wadda ta tsage aka sauya masa, na rataye ta a rumfa da tattasai a ciki. Sai ya zo da labarin cewa direbobi suna yar da tsofaffin tayoyi a inda manyan motoci ke kwana, in aka jera uku za su kai ƙugun Inna.

Biyu ya kawo shi kaɗai. Ta uku na ce zan raka shi, bayan la'asar. Ban san tayar babbar mota ta kai ƙirjina ba sai ranar. Muka tayar da ita, shi a dama ni a hagu, muna mirginawa. Lafiya lau har muka iso gangaren da ke shiga unguwarmu. Nan wani ya kira shi, ya juya zai amsa gaisuwa, ni kuma na ɗauka yana riƙe. Taya ta ga hanya ta kama gabanta.

Na bi ta. Har yau ban san dalili ba, don ko na cim mata ba abin da zan iya yi. Ni dai na tattare zani ina gudu ina ihu, “A tare! A tare!” Ba wanda ya tare. Mutane suka dare gefe biyu, rabinsu iyayen ɗalibaina ne, suna kallon malamar da ke hana ƴaƴansu gudu a farfajiyar lakwal tana tsere da taya, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta wuce masallaci, ta wuce mai injin niƙa, ta tarwatsa wasu zabi. Da gangaren ya ƙare ta rage gudu, ta yi tangaɗi, ta je ta jingina da teburin mai shayi a hankali, ko kofi ɗaya bai faɗi ba. Na iso ina haki. Mai shayin ya dubi tayar, ya dube ni, ya ce, “Malama, da madara za a haɗa mata ko baƙi?”

Na zauna kan bencinsa na yi dariya har cikina ya ƙulle. Mako guda ana tsokanata a hanya, ban damu ba.

Aka jera tayoyin, aka cika na ƙasa da duwatsu, ta sama da ƙasa, tumatir ya samu gida. Inna ta yafa irin salati, ta dasa albasa a babban ginin, ta sa na rufa musu ciyawa don rana. Muka shiga jira. Kullum da safe kafin in wanke ido sai na je na ɗaga ciyawa. Rana ta huɗu na ga wasu ƴan kore-kore kamar kan allura. Na yi tsalle, na yi guɗa, na ɗauko waya na kira maigida yana wurin aiki, ƙarar motoci ta cika kunnena.

Na ce, “Sun fito!”

Ya ce, “Su wa?”

Na ce, “Salati!”

Na ji shi yana kabbara. Daga baya ya ce abokan aikinsa sun taru suna yi masa barka, sun ɗauka haihuwa aka yi masa.

Inna ta koma tashin asuba. Takan dafa bakin ginin ta zagaya shi, ta wuce ganga, ta wuce tayoyi, ta dawo, tana cire wannan tana gyara wancan, sandar tana jingine can an manta da ita. Faɗa ma ya dawo. Wai ni ban iya ba da ruwa ba, ina zubawa kamar mai kashe gobara. Kaji ba su da tarbiyya. Da muka koma asibiti lokotoro ya tambaye ta me take yi da ƙafar ta saki haka, ta ce, “Noma.” Ya ɗago kai a fusace, sai da na yi masa bayani da hannu, ina nuna ƙuguna.

Wata Lahadi da tsakar rana maigida ya ga ganyen tumatir ya yi laushi, ya ɗauko bokiti zai taimaka. Inna tana rumfa. Ba ta neme ni ba. Ta ce, “Kai! Aje bokitin nan! Wa ya ce maka ana ba shuka ruwa rana na tsaka?” Ya ajiye. Suka kalli juna ido cikin ido, karo na farko tun aurenmu. Sai kowa ya tuna, ita ta ja mayafi, shi ya shige zaure har yana tuntuɓe. Amma daga ranar, in maganar shuka ce kai tsaye suke yi. Sauran zance kuwa har yanzu ta wurina yake bi.

Salatin farko da muka yanka, na haɗa shi da ƙuli da mai da albasa mai lawashi, na cika tire, aka miƙa wa maƙwabta ta ko'ina. Mata suka fara shigowa kallo. Wasu su tambayi awo, Inna ta ce kowa ya auna ƙugunsa.

Ana nan sai maigida ya roƙi a ba shi kusurwa ɗaya a babban ginin, ta wajen katanga, ya ce shi ma yana son abin da zai ce nasa ne. Inna ta ba shi. Ya binne ƙwayar kabewa biyu. Ta ce masa kabewa ba ta zama inda aka ajiye ta, ya ce zai lura da ita. Kabewar ta fito, ta yi yaɗo, ta kama sandar rumfa, ta hau katanga, ta tsallake. A ɓangarenmu ganye kawai muke gani, fala-fala. Yana ba ta ruwa safe da yamma, yana ɗaga ganye yana leƙe, ko ɗa ɗaya babu. Har ya fara cewa irin ne ba shi da kyau.

Wata rana maƙwabciya ta leƙo ta ce ya zo ya ga wani abu. Muka zagaya mu uku, Inna a gaba. A kan rufin garken awakin maƙwabciyar, ga kabewa zaune, ƙatuwa, sai mutum ya rungume ta da hannu biyu. Matar ta saka mata gammo da tsumma, ta kewaye ta da ƙaya don awaki. Ashe tun tana kamar ƙwai take renonta ba ta faɗa ba.

Maigida ya ce, “Kabewata!”

Ta ce, “A'a, Malam. A ɗakina ta kwana, a ɗakina ta girma.”

Ya ce, “Ni na shuka, ni na shayar.”

Ta ce, “Da takin wa?”

Suka juya ga Inna. Ta sa aka sauko da ita, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta saurara, ta ce ta nuna. Ta karɓi wuƙa ta raba ta biyu daidai, ta miƙa wa kowa rabinsa. Sannan ta tura hannu cikin na wannan ta kwashe ƴaƴan, ta tura cikin na waccan ta kwashe, ta zuba a gefen zaninta.

Ta ce, “Ku ci naman. Iri nawa ne.”

Ranar gida biyu aka yi miyar taushe, aka yi musayar kwano ta kan katanga. Ta maƙwabciya ta fi tawa daɗi, don ta sa man shanu.